Amsa ga 'yar'uwar da ta yi tambaya kan matar Bawku

'Yar'uwa sannu da ƙoƙari. Kin ce matar ta gudo daga rikicin Bawku a arewacin Ghana, an kashe mata miji, yanzu ko pragya (babur mai ƙafa uku) ce ta yi ƙara a titi sai jikinta ya hau rawa, dare ba barci, kuma wasu a coci na ce mata ƙarancin bangaskiya ne ko aljani, ta yi azumi ta yafe ta manta. Dan Allah kar ku sa ta azumi.

Na daɗe ina ziyarar gida gida da zumuntar mata a nan Aboabo da Asawase cikin Kumasi, irin wannan na gani ba kaɗan ba, har da tsofaffin da suka tsira daga yaƙin Konkomba da Nanumba na 1994, su har yau in Kirsimeti ta zo yara na fasa nokawut ɗaki suke shigewa su kulle ƙofa. Mutane ne masu addu'a sosai fa. Jikin ne bai san an daina harbi ba, yana jin ƙara zuciya ta hau bugu tun kafin tunani ya iso, toh ta ina wannan ya zama zunubi?

Ki buɗe 1 Sarakuna 19. Iliya ya gudu daga Yezebel har ya roƙi mutuwa, Allah bai yi mai wa'azi ba, mala'ika ya aiko da abinci da ruwa, ya ci ya koma ya kwanta, aka sake tashinsa ya ci, magana sai can a Horeb. Zabura 88 kuma da duhu ta ƙare, ba haleluya a ƙarshenta, kuma tana nan cikin Littafi Mai Tsarki ba wanda ya cire ta. Abin na damuna ƙwarai, mu muna koya wa mutane yabo da shaida, kuka gaban Allah kuwa kamar abin kunya muka mai da shi, alhali Yesu da kansa ya yi kuka a kabarin Li'azaru, da Yesu ya tashi daga matattu ma da tabon ƙusoshi a hannunsa ya nuna wa Toma.

Maganar yafiya ku bi a hankali, za ta zo amma ba da tilas ba, kuma kar a tsayar da ita gaban jama'a wai ta ba da shaida. Mace ɗaya mai riƙe sirri ta riƙa zuwa ta zauna da ita, in ta yi magana a saurara, in ta yi shiru a ƙyale ta.

Sansanin addu'a inda ake ɗaure mutane da sarƙa kuwa kar a fara, hukumar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Ghana ta hana ɗaurin tun 2017. In rashin barcin ya ƙi ƙarewa ko ta fara cewa gara ta mutu, ku raka ta asibitin Komfo Anokye, akwai sashen masu duba irin wannan, kar a bar ta ta je ita kaɗai, a ci gaba da addu'a ana shan magani. Ki gaya wa fasto kafin ku tafi, a samu wanda zai riƙe mata yara ranar.