Tambaya da Amsa: Wa ya haɗa Korra da Asami, marubuta ko 'yan kallo?

TAMBAYA: Salam Anti, da fatan kina lafiya. Na gama kallon katun ɗin nan The Legend of Korra, a ƙarshe Korra da Asami suka riƙe hannu suka shiga hasken nan, ni dai na ɗauka ƙawaye ne, sai na hau intanet naga ana ta cewa masoya ne har da zane-zanensu. Wata ƙawata kuma tace 'yan kallo ne suka matsa wa marubutan lamba. Dan Allah wanne ne gaskiya? Daga ƙanwarki a Zariya.

AMSA: Wa'alaikissalam ƙanwata. Ba laifinki bane, a wajenmu ƙawaye su riƙe hannu a hanya ba komai bane, amma su a Amurka da manufa suka zana shi. An saki kashin ƙarshen ne a Disamba 2014, bayan 'yan kwanaki waɗanda suka ƙirƙiri shirin, Bryan Konietzko da Michael DiMartino, suka fito suka rubuta cewa eh soyayya ce. Konietzko yace tashar Nickelodeon ta yarda amma ta saka musu iyaka, shi yasa aka tsaya a riƙe hannu da kallon ido, kuma ya musanta cewa 'yan kallo suka bi. A littafin zanen da ya ci gaba da labarin a 2017 ne aka fito da abin ƙarara.

Amma ƙawarki ma ba daga sama ta ɗauko ba. Akwai wata al'ada da suke kira shifin, ni dalilin aure nake ce mata, wato masu kallo su zaɓi mutum biyu a labari su ce lallai waɗannan sun dace, su rubuta musu nasu labarin, su yi zane, su yi ta rigima da ɗaya ɓangaren. Kin dai san yadda ake a guruf ɗin nobel na WhatsApp, marubuciya ta saki shafi ɗaya sai kiga an rabu gida biyu, wasu na bayan yayan gida wasu na bayan saurayin makaranta, har da masu rantsuwar sun daina karantawa in ba a ba nasu ba, toh irinsa ne sak. Sunan shifin ɗin ya samo asali ne daga masu kallon shirin talabijin na The X-Files a shekarun 1990, amma haɗa namiji da namiji ya girmi haka, tun shekarun 1970 masoya shirin Star Trek, yawancinsu mata, ke buga labaran Kirk da Spock a 'yan ƙananan mujallu suna aika wa juna ta gidan waya.

Me yasa suke tono haka? Daga 1934 zuwa 1968 akwai ƙa'idar tace finafinai a Hollywood da ta hana nuna soyayyar jinsi ɗaya, sai masu fim suka koma yi da hannunka mai sanda, 'yan kallo kuma suka saba karanta alama, musamman waɗanda rayuwarsu ce ba a nunawa, kallo ɗaya tsakanin jarumai ya ishe su riƙewa shekara da shekaru.

Abin da ni yake min ciwo wallahi shine yadda kamfanoni suka gano akwai kuɗi a wannan jiran. Sai su yi ta ɗanɗana musu zuma a baki, ba su ce eh ba ba su ce a'a ba, don kar su rasa kowane ɓangare. Dubi Supernatural, tun 2008 da Castiel ya shigo shirin ake haɗa shi da Dean, shekara 12 cur ana jira, sai a Nuwamba 2020 Castiel ya buɗe baki ya ce wa Dean yana sonsa, a wannan wajen kuma aka kashe Castiel ɗin, Dean bai ma bashi amsa ba. Har yau masu kallon basu daina musu ba, wasu na cewa an basu, wasu na cewa yaudararsu aka yi.

Dan haka in kinga zane a intanet ki fara bincika ko a cikin shirin yake ko burin masu kallo ne, don galibi burin ne kawai. Na Korra da Asami dai marubutan ne da kansu suka tabbatar.