Kafin ka sayar da keken nan, duba faɗin tayar da iskar da kake cika mata

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na ga tambayarka, ka ce ka sayi keken kurs, wato keken tsere, na hannu mai siririyar taya, an rubuta 700x23 a jikinta, kana kai wa mai faci ya cika maka ita da kompiresa har ta yi tauri, amma in ka je Mirriya ka dawo sai hannuwanka su mutu, ƙugu da wuya su riƙe, shi ne kake tambaya ko sirdi za ka canza ko kuwa ka sayar da keken ka huta. Don Allah kar ka sayar. Na daɗe ina hawan irin keken nan a kan hanyoyinmu na Damagaram, kuma abin da ka faɗa ɗin nan kusan duk daga taya ne da iskar da ke cikinta, sirdi bai da laifi sosai.

Ka ga keken kurs ba shi da sifirin ko ɗaya, ba gaba ba baya. Abin da ke tsakaninka da gudron shi ne iskar da ke cikin tayar nan kawai. In ka cika ta har ba ta lotsawa, to ka kashe ɗan abin da ke tare maka jijjiga, duk tsakuwar da ka taka da duk tsagewar hanya sai ta bi ƙarfen keken ta hau hannunka da ƙashin bayanka. Mutuwar hannun da kake ji daga nan take.

Mutane da yawa a nan sun ɗauka taya mai tauri ita ce mai gudu, kuma na san dalili, in keke na kaɗawa a ƙarƙashinka sai ka ji kamar kana tashi sama. A kan wuri mai sulɓi sumul, irin filin tseren da ake yi da katako a Turai, gaskiya ne tauri na ƙara gudu. Amma a kan gudron mai gargada irin namu abin juyewa yake. Kamar ƙwallon da aka cika wa iska ne fiye da kima, da ya taɓa ƙasa sai tsalle. Tayar ba ta haɗiye tsakuwar, sai dai ta ɗaga keken da kai gaba ɗaya ta sauke, ta ɗaga ta sauke, kuma duk wannan ɗagawar daga ƙarfin ƙafarka ake cire ta. Taya mai ɗan laushi kuwa lotsawa take ta rungume tsakuwar ta wuce, kai kana tafiya miƙe. Ga riƙe ƙasa a kwana, wanda ba ƙaramin abu ba ne a garin da iska ke kwaso rairayi ta zuba a bakin hanya kullum.

Su kansu manyan ƴan tsere sun bar wannan tunanin. A da masu tseren Tour de France na Faransa da taya mai faɗin milimita 23 suke gudu, matsin iska wajen kilo 8 a agogon famfo. Yanzu yawancinsu 28 ko 30 suke sawa, iskar kuma ta sauko wajen kilo 4 zuwa 5. A tseren Paris-Roubaix da ake bi ta kan tsoffin hanyoyin dutse har 32 suke sawa. Waɗannan mutane ne da abincinsu ke kan daƙiƙa ɗaya, da faffaɗar taya na rage musu gudu wallahi da ba su taɓa ta ba.

Lambar nan 23 faɗin tayar ne da milimita. Za ka ce to daga 23 zuwa 28 ai milimita 5 ne kacal, me zai canza? Iskar da ke ciki ba haka take ƙaruwa ba, 28 na ɗaukar iska kusan ninki ɗaya da rabi na abin da 23 ke ɗauka, 32 kuwa kusan ninki biyu. Da yake iskar ta fi yawa sai ka iya rage matsinta ba tare da janti ya daki ƙasa ba. Amfanin faffaɗar taya ke nan gaba ɗaya, ta ba ka damar rage iska. In ka sa 28 ka koma ka cika ta kilo 8 kuɗinka ka zubar, za ma ta fi 23 ɗin bugunka.

Ga inda nake ba mutane shawara su fara, in nauyinka wajen kilo 70 ne kuma da shambur a ciki. Taya 23 wajen kilo 7 na iska, 25 wajen kilo 6, 28 kilo 5 zuwa 5 da rabi, 32 kilo 4 zuwa 4 da rabi. Kilon nan shi ne bar da ke jikin agogon famfo, in agogonka psi yake nunawa to bar ɗaya psi 14.5 ne. In ka fi haka nauyi da kilo 10 ƙara kamar rabin kilo na iska, in ba ka kai ba ka rage. Tayar gaba kuma kullum ta gaza ta baya da ɗan kaɗan, kamar rabin kilo ko ƙasa da haka, saboda nauyinka ya fi sauka a baya, kuma ta gaban ita ce ke aiko wa hannunka jijjiga. Wannan mafari ne kawai, ka hau ka ji, ka rage kaɗan ka sake hawa hanyar da ka saba. Lambar da aka rubuta max a gefen taya iyaka ce da ba a wucewa, ba a ce sai ka kai can ba.

Sai dai akwai inda raguwar ke zama matsala, musamman da 23 ɗin da kake da ita yanzu. In iska ta yi kaɗan ka faɗa rami ko ka daki bakin gudron inda ya ɓalle, janti zai matse shambur ya tsaga shi. In ka ciro shi za ka ga ƴan ramuka biyu dab da juna, a jere, ba ƙaya a jikin tayar ko ɗaya. Duk sanda ka ga haka ka san iska ce ta gaza. Shi ya sa 23 ke da wahala a nan, in ka cika ta buge ka, in ka rage ta fashe, tsakanin ɗan kaɗan ne.

Maganar zafi kuma kar ka raina ta. Watan Afrilu da Mayu da rana ke wuce digiri 40, gudron ya fi haka zafi nesa ba kusa ba. Iskar da ka cika da sanyin asuba in ta ɗumama da digiri 30 matsinta na ƙaruwa da kusan kashi 10 cikin ɗari, wato wanda ya sa kilo 7 da safe zai iya samun kansa kusa da 8 da azahar. To ka ga wanda ya riga ya cika har iyaka, ga tsohuwar taya da rana ta busar duk gefenta ya tsattsage, irin wadda kekunan hannu ke zuwa da ita. Na sha ganin keke a jingine jikin bango cikin rana ba wanda ya taɓa shi sai ka ji tau. Ka riƙa ajiye naka a inuwa.

Kafin ka sayi 28 ka tabbata za ta shiga. Tsoffin kekunan kurs masu birkin roba da ke kama janti yawanci 25 suke ɗauka, wasu su kai 28, masu birkin faifai ne ke kai 32 cikin sauƙi. Duba wuri uku, ƙarƙashin birkin gaba, ƙarƙashin na baya, da tsakanin ƙarafa biyun nan na baya kusa da feda. Kana son ratar milimita 4 ko kusa da haka ta kowane gefe bayan an sa sabuwar tayar, don da damina laka da tsakuwa na maƙalewa a nan su ci fenti har su ci ƙarfe. In 28 ba ta shiga ba sa 25, ita ma za ka ji bambanci. Ka duba an rubuta 622 a jikinta, shi ne girman jantinka, kuma ka sayi shambur daidai faɗinta, na 23 in ya buɗe cikin 28 siriri yake zama, ƙaya kaɗan ta huda shi.

Ita ƙaya kam faɗin taya ba ya maganinta. Tsidau da ƙayar aduwa ba ruwansu da 23 ko 32. In ka samu taya mai kauri a ciki irin Continental Gatorskin ko Schwalbe Marathon suna jurewa sosai, amma jikinsu ya fi tauri don haka ka ɗan ƙara rage iskar. Ni dai na fi son in rasa ɗan laushi da in tsaya faci a hanyar Takeita da tsakar rana. Rairayin lungunan Birni da Zango kuwa ba tayar kurs da za ta iya masa, sauka za ka yi ka tura.

Abu ɗaya da zan matsa maka a kai, sayi famfo mai agogo naka na kanka, ko ku haɗa kuɗi da abokan hawanka. Matsawa da yatsa ba ya gaya maka komai, daga kilo 5 zuwa 8 duk tauri ɗaya za ka ji. Mai faci kuma ba laifinsa ba ne, ya saba da tayar babur da mota, bakin kompiresarsa ma bai dace da siririn bawul ɗin keken kurs ba sai da ɗan abin haɗawa, kuma siririyar taya cikin ƙiftawar ido take cika ta wuce. Shambur na kurs yana rage iska da kansa cikin ƴan kwanaki ko ba huda, saboda haka ka riƙa aunawa kafin ka fita. Yanzu dai kafin ka kashe ko dala, sauke ta baya zuwa kilo 7 ta gaba 6 da rabi in nauyinka bai wuce wanda na faɗa ba, ka je Mirriya ka dawo, sannan ka faɗa mana nauyinka da irin birkin da ke jikin keken sai mu ga wace taya za ta shiga.