Amsa kan faifan da BitLocker ya kulle bayan sauya babban allon kwamfuta

Ka ce tun da aka sauya babban allon kwamfutarka, BitLocker, wato tsarin Windows da ke kulle bayanan faifai, ya ƙi buɗe faifan ajiya. Dalilin shi ne mabuɗin buɗe faifan yana ɗaure da guntun TPM (ƙaramar na'urar tsaro da ke adana mabuɗai) na tsohon allon, sabon kuwa bai san shi ba, amma bayananka suna nan daram. Ka shiga asusunka na Microsoft ta wata na'ura ka ɗauko mabuɗin ceto mai lambobi 48, sannan ka tabbatar lambar shaidarsa ta dace da wadda kwamfutar ta nuna, domin mutum kan tara mabuɗai da yawa bai sani ba. Kada ka yarda a goge faifan. Idan mabuɗin ceton ya ɓata, babu manhajar da za ta fasa kullen, sai dai a mayar da tsohon allon in har yana aiki.