Ruwan batir ya ja baya: me za a ƙara masa?

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa na riƙe hannunka da ka ɗauko jarkar asid za ka cika batirin mai motar nan ta Ngaundere. Ka ce tunda ruwan ya ja baya kuma batirin ba ƙarfi, ai asid ya kamata a ƙara masa ya farfaɗo. Da yawa a garejojin Garwa haka suke yi, kuma haka suke kashe wa mutane batir. Zauna ka ji.

Abin da ke cikin batir haɗi ne na abu biyu: asid ɗin sulfurik da ruwa. A batir mai cikakken caji, asid kusan kashi ɗaya cikin uku ne na nauyin haɗin, sauran duk ruwa. Idan ka ga ya ja baya, ruwan ne ya tafi. Zafin watan Maris da Afrilu, da ke wuce digiri 40 a nan, yana busar da shi, caji mai yawa kuma yana raba shi ya zama iska biyu, haidurojin da oksijin, su fice ta hujin murfi. Asid ba ya bin su. Kamar shayi ne da aka manta a kan gawayi: ruwa ya ƙone, sukari na nan, sai zaƙi ya yi yawa. To haɗin da ya riga ya yi kauri, ka ƙara masa asid? Sai ya dinga cin farantan dalma da ke jere a cikin batir, ka ga laka mai ruwan ƙasa ta taru a gindin batir. Kwana biyu mota za ta tashi da ƙarfi, mai ita ya yi ta sa maka albarka, bayan 'yan watanni ya dawo da gawa.

Rashin ƙarfin da ka gani kuwa, ba wai asid ya ɓata ba ne. Yayin da batir ke ba da wuta, asid yana kama dalmar faranti ya zama wani farin gishiri, sulfat na dalma, ruwan da ke ciki ya tsinke. Wannan gishirin da ƙyar yake narkewa a ruwa, shi ya sa yake manne a jikin faranti maimakon ya watse. Da ka sa caji sai ya sako asid ɗin ya koma cikin ruwa. Ka ga ke nan asid yana nan, ajiya aka yi. Amma idan aka bar batir a mace mako da makonni, gishirin yakan ƙanƙare ya yi tauri, caji ya kasa kwance shi. Batiran sola da ake kawo mana daga ƙauyuka, yawancinsu wannan ce cutarsu, ana tatse su kullum dare ba a bari su ƙoshi da rana.

Shi ya sa nake takura maka da ma'aunin nauyin ruwan batir ɗin nan mai ƙwallon roba a kai. Zuƙo ruwan, ka ɗaga shi daidai idonka, ka duba inda kwalbar da ke yawo a ciki ta tsaya. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ta asid zalla kilo 1.84. Haɗinsu yana tsakani, kuma nauyinsa shi ke gaya maka yawan asid ɗin da ke narke. Cikakken batir yana nuna wajen 1.26 zuwa 1.28, wanda ya sauka sosai ya faɗo kusa da 1.12. Ciki batirin ya kasu ɗakuna shida, ka auna su duka. Idan ɗaya ya bambanta da 'yan'uwansa da fiye da 0.05 bayan caji, ɗakin nan ya lalace, gara ka gaya wa mai shi gaskiya tun da wuri. Kada kuma ka auna da zarar ka zuba ruwa, don sabon ruwa ya fi sauƙi, a sama yake tsayawa sai caji ya gauraya shi.

Wane ruwa? Tatacce kawai, wanda aka tara daga tururi. Ruwan rijiya da na famfo garai-garai suke a ido, amma akwai gishiri da ƙarfe da farar ƙasa narke a ciki. Dafa shi ba ya fitar da su duka, gishirin ma ƙara masa yawa yake yi. Leƙa cikin butar da muke tafasa ruwa ka ga farin ɓawon da ya kama gindinta. Ɗauko guntun kanwa ka ɗiga masa asid, ka ga yadda zai yi kumfa yana tsuwwa. Haka ma'adinan ruwan rijiya suke cin asid a hankali, ƙarfe da gishiri kuma su sa batir ya riƙa zubar da cajinsa yana ajiye. Na indararo ma ban yarda da shi ba, ya kwaso tsatsar kwano da ƙura.

Asid ana ƙara shi ne kawai idan batir ya kife ya zube, ko sabon batir busasshe za a cika. Ranar da za ka haɗa da kanka, ruwa za ka fara zubawa a robar, sa'an nan ka tsiyaya asid kaɗan-kaɗan kana motsawa. Haɗuwarsu tana fitar da zafi mai tsanani, kuma idan ka zuba ruwa a kan asid zai tafasa nan take ya fantsamo maka a fuska. Sa tabarau da safar hannu, ka ajiye bokitin ruwa kusa. Idan ya taɓa ka, ka yi ta wankewa da ruwa mai yawa. Idan ido ne, a wanke a wuce asibiti.

Yanzu buɗe murafen batirin nan, ka zuba tataccen ruwa ya ɗan rufe farantan, ka kai shi caji nesa da inda ake walda. Idan ya cika ka ƙarasa ruwan zuwa layin sama, ka ɗan ƙara masa caji ya gauraya, gobe da safe mu auna tare.