Tambaya: Wane makami mai araha ya fi dacewa da sojan ƙasa a yaƙin sunƙuru?

Tambaya: Ranka ya daɗe, ƙanena yana bakin daga a Borno. Kullum kukansa shi ne 'yan ta'adda na zuwa da bindigar kakkaɓo jirgi a bayan Hilux, su kuma sai AK. Na ji ana cewa akwai manyan bindigogi masu araha a kasuwar duniya. Me ya hana a sayo musu?

Amsa: Malam, Allah ya tsare shi, ya dawo da shi lafiya. Abin da ƙaramar runduna ke buƙata a irin wannan yaƙi ba ɓoyayye ba ne: bindiga mai jigida irin PKM ko FN MAG, ƙaramar igwar morta mai milimita 60 da mutum biyu za su iya ɗauka, makamin roka na kafaɗa RPG-7, sai babbar bindiga mai milimita 12.7 a kan mota. Duka ba su da tsada idan aka kwatanta da jirage 12 na Super Tucano da aka karɓa a 2021 kan kusan dala miliyan 500.

Amma wannan magana ta "a sayo mai araha ko daga ina" ita ce na gaji da jinta daga bakin dillalai da masu sharhin Facebook. Araha ba ta ado. Kuɗin bindiga ranar saye shi ne mafi ƙanƙanta a cikin lissafi. Harsashin AK, da na PKM, da na FN MAG duk ana kiransu 7.62, amma na farko tsawon kwansonsa milimita 39 ne, na biyu 54, na uku 51. Babu wanda ke shiga bindigar wani. Haka DShK ta Rasha da Browning ta Amurka: duka 12.7 ne, kowacce da nata harsashin. To ka duba yaro a rami da tsakar dare, wuta na tashi, ya fasa akwatin da aka turo masa ya tarar jigidar ba ta bindigarsa ba ce. Ɗan kwangilar da ya haɗa wannan gambiza yana Abuja yana barci. Ga bututun canji, domin mai jigida na zafi idan ta daɗe tana aman wuta. Ga makanikin da zai gyara ta. Wa ya sa waɗannan a takardar kwangila?

Ba yau aka fara ba. A Disambar 2014 kotun soja ta yanke wa sojoji 54 hukuncin kisa saboda ƙin fita yaƙi, su kuwa suna cewa ba a ba su kayan aiki ba. Shekara ta zagayo sai ga badaƙalar dala biliyan 2.1 ta kuɗin makamai.

Ni dai shawarata, a tsaya kan nau'i ɗaya a kowane mataki, a fifita wanda DICON, masana'antar ƙera makamai ta gwamnati a Kaduna da aka kafa tun 1964, za ta iya ƙera wa harsashi, sannan a ware albarusan atisaye tun kafin a sa hannu.