Waya ta kama waifai amma ta ƙi samun IP

Toh ƙanena, na ga saƙonka tun ɗazu ina cikin go-silon hanyar Kubwa shi ya sa ban amsa ba. Ka ce a ofishin nan na Wuse 2 da na tura ka wayoyi suna kama waifai alamar ta cika fal, amma sai su tsaya kan "Obtaining IP address" wato neman adireshin da ake gane kowace na'ura da shi a netwok, suna ta juyi har su gaji su sauka, laftof kuma ta nuna 169.254 da wani abu, da safe komai lafiya sai wajen ƙarfe 11 abin ya dagule, ka kashe AP ɗin, wato na'urorin da ke watsa waifai, ka kunna har sau biyu, wai ko lalacewa suka yi a sayo wasu.

Kar ka kuskura ka faɗa wa mai ofis maganar sayen AP. Zai saya, mu ɗaura, matsalar ta dawo washegari, kunyar kuma ni zan sha.

Tunda waya ta karɓi faswod ta haɗu, waifai ya gama nasa. Abin da ya rage aikin DHCP ne, shi ke rabon adireshi. Waya tana shiga sai ta ɗaga murya ta tambayi kowa da kowa ko akwai mai ba ta adireshi, wannan shi ne Discover, saba, wato na'urar da ke rabon, ta ce ga wannan, Offer ke nan, waya ta ce na karɓa da Request, saba ta buga hatimi da Ack. Magana huɗu ce kawai. Wannan 169.254 da ka gani kuwa ba wanda ya ba kwamfutar, ta yi ta sallama ba a amsa ba sai ta raɗa wa kanta suna, kuma ba inda zai kai ta. Saboda haka aikinka ka gano ko sallamar ce ba ta isa ba, ko ta isa mai gidan ne ba shi da abin bayarwa.

Maganar ƙarfe 11 ɗin nan ita ta fi ja min hankali, kuma da ka tsaya a kanta da ba ka sha wahalar hawa tsani ba. Ka zaga ka tambaya su waye abin ke samu. In waɗanda suka zo da sassafe suna ta aikinsu, masu zuwa daga baya da baƙi ne kawai ke maƙalewa, to kusan na rantse adireshi ne suka ƙare. Yawancin ofisoshi /24 ake yanka musu, adireshi 254 ke nan, ka cire na ruta, wato na'urar da ke haɗa ofis da intanet, da firinta da kyamarori da waɗanda aka ware. Mai ofis zai ce maka ai mu ba mu kai ɗari ba. Gaskiya ne, amma kowa da laftof da waya, wasu biyu, ta MTN da ta Airtel, ga direbobi da masu gadi duk an ba su faswod, ga wanda ya kawo takarda jiya ya zauna minti 20 a risefshan. Kuma in Windows Server ce ke rabon, kuma ba wanda ya taɓa saitin, kwana 8 take ba kowa. Kamar gidan haya ne mai ɗaki 254, baƙo ya shigo ya sha ruwa ya wuce Kaduna amma ɗakinsa na kulle da sunansa har mako ya zagayo. Cikin dare hayar wasu takan ƙare, ɗakuna kaɗan su buɗe, kafin hantsi an cinye su, ka ga dalilin ƙarfe 11.

Wayoyin yanzu ma sun ƙara dagula lissafin. Tun Android 10 da iOS 14 waya tana ƙirƙirar MAC, wato lambar shaidar na'ura, daban ga kowane sunan waifai, to in ofishin na da suna biyu, na 2.4 da na 5, kuma duk rumbun adireshi ɗaya suke ɗiba, waya ɗaya sai ta riƙe ɗaki biyu.

Dubawa ba ta kai minti biyu ba. A Windows ka buɗe DHCP ka danna dama a kan scope ɗin, wato rumbun adireshin, ka zaɓi Display Statistics. In rutar Cisco ce ke rabo, show ip dhcp pool da show ip dhcp binding. In MikroTik ce, IP sannan DHCP Server sannan Leases. In ya cika, ka rage haya zuwa awa 8 ga ma'aikata, baƙi a raba musu nasu VLAN, wato ɓangaren netwok da aka keɓe, da awa 1 ko 2, in har yanzu da matsi a faɗaɗa zuwa /23 ka samu 510, amma wannan sai bayan an tashi aiki don zai taɓa ruta da duk abin da aka sa wa adireshi da hannu. Ka kuma sani rage hayar ba ya korar waɗanda suka riga suka karɓi kwana 8, sai sun sabunta ko ka goge na waɗanda ka tabbata ba sa nan. Kar ka share duka lokaci ɗaya da rana tsaka, sai ka wayi gari mutum biyu na faɗa kan adireshi ɗaya.

In kuma ka duba rumbu da sauran wuri, to sallamar ce ke ɓacewa a hanya. Ɗauki laftof ɗinka ka haɗa da waifai ɗin, ka sa mata adireshi da hannu wanda ba kowa a kai, ka yi ping ɗin ruta, wato ka taɓa ta ka ga ko za ta amsa. In ta amsa, hanya lafiya take, saƙon DHCP ne kaɗai ba ya wucewa, sai ka duba ip helper-address a kan VLAN ɗin, don ihun Discover ba ya tsallake ruta, dole a samu ɗan aike da zai kai shi wurin saba in tana wani VLAN. Ka duba DHCP snooping ma, wato tsaron da suwic, akwatin da kebul ke haɗuwa, ke yi don toshe masu rabon bogi, in an kunna shi aka manta ba a amince da fot ɗin, wato ramin kebul, da ke zuwa wajen saba ba, suwic zai riƙa zubar da Offer shiru ba ko tari. In kuma ping ya ƙi, VLAN ɗin ne bai kai ga AP ba, show interfaces trunk zai nuna maka.

Wannan na ƙarshen ya taɓa cin min yini guda a wani ofis a Garki. Hawa na uku ne kaɗai ba sa samun IP, sauran lafiya. Na canja kebul, na sauko da AP na mayar, na zargi saba, har aka kira isha ina zaune kan kwalin takarda a ɗakin suwic da zufa. Ashe an ɗauke wuta da dare, batirin UPS ya mutu kafin janareta ya tashi, suwic ɗin hawan ya sake kunnuwa ya dawo da tsohon saiti, VLAN 30 da na ƙara mako biyu kafin nan babu shi. Ni na ƙara shi ban yi write memory ba, wato ban adana saitin ba. Layi ɗaya na rubuta, kafin in miƙe na ji wayoyin masu gadi sun fara ƙarar saƙon WhatsApp.

Wani abin daban, in ka ga waya ta samu adireshi amma baƙo, irin 192.168.0 da wani abu alhali ofishin adireshi mai farawa da 10 suke amfani da shi, wani ne ya kawo ƙaramar ruta daga gida ya soka a bango tana rabon nata. Ka leƙa ƙarƙashin tebura.

Yanzu dai ka sauko daga tsani ka je ɗakin saba. Ɗauko min hoton statistics ɗin da lokacin hayar, sannan ka buɗe Wireshark, manhajar da ke nuna saƙonnin da ke yawo a netwok, ka rubuta dhcp a wurin tacewa, ka yi ipconfig /release da ipconfig /renew, ka gaya min ko Discover kaɗai ke ta maimaituwa ko akwai Offer. Kar ka canja komai sai na gani, ina shigowa gari bayan azahar.