Albasar kwaɗinki ba ta mutu ba, kada ki tone ta

Ƙanwata, kin ce wata gwaggonki ta ba ki kan albasar kwaɗi daga wajen Ƙwanni, kin dasa a tukunya nan Tawa, ba ta taɓa yin fure ba, yanzu kuma ganyen ya bushe. Don Allah ki bar ta inda take. Tana nan da ranta.

Wannan tsiro, da wasu ke sa shi cikin jinsin gadali, masana kuma ke kira Crinum, ɗan fadama ne. Da damina yake cin duniyarsa. Rani na shigowa sai ya zubar da ganye, ya tattara ƙarfinsa cikin kan da ke ƙasa, ya jira ruwan fari. Inda mutane ke kashe shi ke nan: sun ga ya bushe, sai su yi ta ɗura masa ruwa safe da yamma har kan ya ruɓe. Ni tawa, daga ɗari har ƙarshen bazara, sai ƙasar ta bushe ƙamas nake ɗan yayyafa mata. A Afrilu da Mayu, da zafi ke wuce digiri 40, ina jan tukunyar ƙarƙashin bedi, don baƙar roba in ta sha rana dafa saiwa take.

Rashin furen kuwa, ki duba zurfin dashen. Mu 'yan ƙasar albasa hannunmu ya saba da ta Galmi, amma wannan wuyanta a waje yake son zama, kamar yatsa biyu bisa ƙasa. Kuma ba ta son kai-da-kawo. Duk sanda aka tumɓuke ta, tana iya yin shekara ba fure. Ƙasar ki haɗa rairayi da ta fadama da takin awaki wanda ya ruɓe sarai, tukunya mai zurfi, a huda gindinta.

In Yuni ta kama ki soma ba ta ruwa sosai. Za ki ga kara mai kauri ya fito ta gefen wuyan, ba ta tsakiyar ganye ba. Furen fari ne babba, kowane ɓangare da jan zane a tsakiya, da marece yake buɗewa, kwana kaɗan ya yanƙwane. Lokacin ne kuma wata baƙar tsutsa mai ɗigo-ɗigo ke shiga ganyen ta gangara cikin kan. Ki riƙa tsince ta da hannu.

'Ya'yan da ke fitowa gefe, ki bari su yi girman ƙwan kaza kafin ki raba. Irin kuma ba ya ajiyuwa, sai a shuka shi ɗanye, a jira shekaru.

Abin da na fi roƙonki: kan nan guba ne. Yana sa amai mai tsanani. Kada ki ajiye shi kusa da albasar miya, ki tsare shi daga yara da awaki.